Littafin Bashin Baba

An ɗauke wuta tun la'asar,
janareta na tari a bayan shago,
ni da kwamfuta da littafin bashin Baba
muna kallon-kallo a Kantin Kwari.

Malam Ishaƙa ya faɗa mana a aji:
kafin ki rubuta wa inji umarni ko ɗaya,
ki san inda kaya za su kwana.
Bayani ma baƙo ne, sai da masauki.

Na fara da jeri, irin shagunan layinmu,
kowa da lambarsa, a kira ta ya amsa.
Sai dai in baƙo ya shigo tsakiya
dole kowa ya gusa, har mai shayin can ƙarshe.
Na goge.

Tuli kuwa na san shi tun ina rarrafe:
atamfar da aka ɗora ƙarshe
ita ake fara ɗagawa.
Ta ƙasa tana nan shekara uku,
yayinta ya wuce, ba wanda ya taya.
Haka bashin Ɗanjummai ya kwanta.

A layi, wanda ya riga zuwa shi ke riga tafiya,
in ji littafi.
Littafin bai taɓa bin layin mai a Titin Zariya ba.

Amma Baba sarƙa ya ƙulla.
Shafi na tara: Kubura ta Rimin Kebe,
ba adadi, ba kwanan wata,
sai "a tambayi Tanimu."
Tanimu ya ce rabin zancen na gun Barau,
Barau ya tura ni Ƙofar Wambai,
kowa na riƙe da ɗan guntunsa
da kwatancen gidan na gaba.
Na bi su ɗaya bayan ɗaya a adaidaita sahu,
kuɗin mota ya kusa cinye bashin,
har na tsaya a zauren Iliya Mai-awo a Jakara.
Na yi sallama sau biyu. Yaro ya leƙo:
ai an kai shi makwanci tun kafin azumi.

A wurinmu wannan gurbi suna gare shi:
manuni mai nuna babu.
Duk abin da ke bayansa yana nan daram,
hanyar zuwa ce ta tsinke.

Na dawo na dasa bishiya, saiwa a sama,
haka tasu take tsiro,
ƙananan basuka hagu, manya dama,
tambaya bakwai ta isa a cafko mutum cikin ɗari.
Na juya masa allon ina jiran yabo.

Baba, da sunaye suka fara zame masa
kamar sabulu a hannun mai wanki,
ya dube ta ta saman tabarau, ya daɗe.
"Ina kika sa waɗanda na yafe?"

Na duba hagu, na duba dama.
Na ce ai su gogewa ake yi.
Ya ce, "A'a. Su ma ba su ɗaki.
Ba kuɗin nake nema ba,
fuskokin ne ba na so su tsere mini."

Batiri saura kashi shida.
Ana kiran isha'i ta wajen Fagge.
Na buɗe sabon jeri, ban san me zan kira shi ba,
ya fara lissafo su da yatsu,
ina bugawa da sauri
kafin ɗayanmu ya ɗauke.