Daƙiƙa Goma Sha Ɗaya

Ƙarfe uku da kwata na dare, ruwa na dukan rufin gidajen Temuko,
wani tsohon icce da ya gaji da tsayuwa
ya jingina da babbar wayar da ke kai wuta kudu.
Tartsatsi ya tashi. Na'urar tsaro ta datse layin
tun ido bai gama ƙiftawa ba.

A ɗakin lura, can Santiyago,
Eliana Huenchul ta dire kofin shayinta bai kai baki ba.
Ba faɗuwar iccen ce ta dame ta ba,
wannan ya riga ya wuce.
Abin da ke biyo bayan faɗuwa take jira.

Injinan ƙasar nan lugude suke yi a turmi ɗaya,
na madatsar ruwa a gindin tsaunuka,
na bakin teku, na iska a kan tudu,
bugu hamsin kowace daƙiƙa,
ba wanda ya taɓa ganin ɗan'uwansa.
Yanzu an fizge hannu ɗaya daga cikin sahu.
Na kudu sun yi gaba, na arewa na jan ƙafa,
in taɓarya ta haɗu da taɓarya
duhu zai ci daga hamada har tsibirai.

Zare kore a kan allo ya yi sama,
ya faɗo,
ya sake hawa.
Tana ƙirgawa da leɓe, ba sauti.
Tambayarta guda ce tak:
wannan lilon ya fi na baya gajarta?

Yatsanta na shawagi a kan maɓallin rage kaya.
Ta san unguwannin da ke ƙarƙashinsa da sunayensu,
ɗakunan sanyin masunta cike da kifin jiya,
da titin da mahaifinta ke barci da rediyo a kunne.

Na uku ya gaza na biyu.
Na huɗu da ƙyar ya ɗaga kai.
A daƙiƙa ta goma sha ɗaya zaren ya kwanta
kamar jaririn da ya gama shessheƙa.

Baltasar, abokin aikinta, ya saki numfashi, ya ce an tsira.
Ta girgiza kai. Mai ƙafa ɗaya ma a tsaye yake,
ture shi ka gani.
Ta jawo kujera, ta shiga yi wa kwamfuta tambayoyi:
in layi na biyu ya tafi yanzu fa?
In taransifoman nan mai zafi ya ƙi?
Sau arba'in ta kashe ƙasar a cikin lissafi,
sau biyu ƙasar ba ta tashi ba.
Ta ɗaga waya, ta sa a tada injin da ke hutawa a gaɓar kogi.

Da asuba masu gyara suka shiga daji da zarto, laka har gwiwa.
A Baldibiya wani mai gashin burodi ya ce wa matarsa
kamar ƙwan fitila ya ɗan lumshe ido cikin dare,
ko kuwa shi ne barci ya fizga.

Shayin ya huce. Ta shanye shi a haka.