Kasuwar Kifi, Busan

A wasan talabijin na daren Asabar
ni ne alƙalin da ya ci hanci.
Kashi na tara, wani mai gyaran agogo
ya tunkuɗa ni daga kan gada,
gari ya ɗauki tafi.

Washegari na je sayen kifi.
Tsohuwa Bok-rye ta ƙare mini kallo,
wuƙa a hannu, sanyi na cin yatsunta.
"Kai ne."
Na ce wasa ne, iya, neman abinci.

"Na sani. Wanda ya kaɗe ɗana da mota
yana nan, duk Laraba yana sayen ƙaguwa.
Sau uku na kalli mutuwarka."

Ta ƙara mini kifi ɗaya, gyara.
Har gida
ledar tana yi mini nauyi.