Kurman Kogon Dikte

Ni ne na bakwai cikin masu bugun garkuwa,
an ɗauke ni don ƙarfin damtse, ba don na iya rawa ba.
Daren da Riya ta hawo dutsen nan na Kirit
jinin haihuwa bai bushe a diddigenta ba.
Ta miƙo mana abu naɗe cikin ulu,
ta ce, "Ubansa ya haɗiye biyar.
A madadin na shida na ba shi dutse cikin zane,
ya haɗiye, ko taunawa bai yi ba.
Wannan kuwa, in ya yi kuka, ku fi shi kuka."
Ta juya. Ba ta waiwayo ba.

To, yaro akwai maƙogwaro.
Tsawonsa bai kai kamu ɗaya ba,
amma in ya ɓare baki
sai jemagu su zubo daga rufin kogo
kamar 'ya'yan zaitun da aka kaɗa wa sanda.
Mu kuwa sai mu zabura, takobi bisa tagulla,
ƙafa na dukan ƙasa, baki na ihu,
don Kuronus can sama ya ce mahaukata ne ke biki.

Mun rataye shimfiɗarsa a reshe,
ba ƙasa, ba sama, ba teku,
mai nema ya nema har ya gaji.
Ƙudan zuma na ɗiga masa zaƙi a leɓe,
ni kuma su harbe ni a wuya.
Akuyar nan Amaltiya, mai baƙin hali,
sau uku tana tunkuyina har ƙasa,
amma shi, sai ta tsaya cik, tana lumshe ido.

Ranar da ya fara tafiya
ya kama ƙahonta don ya miƙe,
ƙaho ya ɓalle a hannunsa kamar busasshen kara.
Ya dubi ƙahon, ya dubi akuya.
Kukan ranar ba na yunwa ba ne.
Mun yi bugu tun hantsi har taurari suka fito,
garkuwar Falandiros ta tsage gida biyu,
kunnena na hagu ya tafi, bai dawo ba.
Na dama ya bi shi shekarar da haƙoransa suka cika.

Ya girma, ya sauka, ko sallama babu.
An kwatanta mini da hannu
wai ya sa uban ya amayo 'yan'uwansa,
dutsen ne ma ya fara fitowa,
wai yanzu aradu na hannunsa.

In hadari ya taso daga teku
makiyaya kan toshe kunne, su kora tumaki.
Ni ina bakin kogo, ban jin komai,
sai walƙiya, sai rawar haƙarƙarina.
Hannu ya riga ni lalubo takobi,
ina dukan tsohuwar tagulla da ɗan ƙarfin da ya rage:
yi shiru, Ziyus, yi shiru,
kada ubanka ya ji.