Amsoshin Sun Tafi da Nama

A Wad Madani, bakin tashar motar Gadarif,
nan nake gasa agashe tun gashina na baƙi.
Takardar naɗi kilo-kilo nake saye
wajen Tajussir mai tsofaffin littattafai.
Ban taɓa tambayar me ke ciki ba.
Ta sha mai, ta riƙe yaji, shi ke nan aikinta.

Ran wata Talata kasuwa ta yi sanyi,
garwashi na cin kansa a banza.
Na jawo littafin da nake yaga,
bangonsa kore, Larabcinsa mai sauƙi,
irin wanda na tsinta a aji huɗu kafin in gudu.
Sai ga katantanwa a gindin rijiya mai gaba talatin:
da rana ta hau uku,
da dare ta zame biyu.
Yaushe za ta fito?

Na ce talatin mana, ai wannan wasan yara ne.
Suwaiba 'yata na yanka albasa, ko ɗago kai ba ta yi ba:
"Baba, ran da ta kama baki, wa zai ja ta baya?
Ashirin da takwas."
Tsinke uku ya ƙone ina ƙirga da yatsu.

A ƙasan shafin an ce a duba amsa a ƙarshe.
Na juya. Babu ƙarshe.
Ni daga baya nake fara yaga,
haka hannuna ya saba.
Ashe mako biyu ina naɗe amsoshi ina miƙa wa mutane,
har da ƙarin albasa.
Wata ta bi motar riɗi,
wata ta shiga gidan suna,
wata akuya ta cinye a bayan masallaci,
watakila ita ce yanzu ta fi kowa sani a unguwar.

Tambayoyin na ɓoye ƙarƙashin tire.
Akwai shafin da ya ce hasken tauraro
ya baro gida tun kafin a haifi kakana,
wanda ya taso daga Haɗeja da ƙafa, niyyar Makka,
ya tsaya nan shan ruwan Nilu, bai ƙara gaba ba.
Bayan isha'i na ɗaga kai,
na ce, kai ma matafiyi ne ashe, sannu da hanya.

Amma wadda ta hana ni barci ita ce ta kwabbai:
goma sha biyu, ɗaya jabu,
ba a san ko ya fi nauyi ko ya fi sauƙi ba,
awo uku kacal aka ba ka.
Na share sikelina, na jera duwatsu.
Ukasha tela ya bar kekensa ya zo,
Tajussir ya zo da tabarau mai ƙafa ɗaya.
A awo huɗu muna kama ɓarawon.
A uku, sai ya sulale kamar tarwaɗa.
Ukasha ya ce marubucin maƙaryaci ne.
Washegari shi ya fara zuwa.

Da damina ta kusa, wani direba ya tsaya,
ya laluba aljihu ya fito da takarda ninki huɗu,
ta yi ja da yaji, har ana ganin yatsa ta cikinta.
Ya ce, "Kai ka ba ni wannan.
Wata biyu ina karantawa a hanya,
amsa ce, amma ban san me aka tambaya ba."

Layi ɗaya ya rage:
fara da huɗu a nan, huɗu a can.
Sauran mai ya cinye.

Na ba shi kujera, na ba shi tambayar.
Suwaiba ta ajiye wuƙa ta matso.
Motarsa na can tana jira, fasinja na ƙorafi,
shi kuwa yana raba duwatsu kashi uku.