Jiniyar Kakuri

Sau uku ke nan cikin wata guda
ana tsinto Baba a Kakuri,
tsaye a ƙofar masaƙar da ta mutu tun ina firamare,
kwanon tuwo a hammata,
ciyawa har gwiwa,
yana jiran jiniya.
Ya ce, "Yarinya, kin ga foman?"
Na ce, Baba, ni ce Zulaihatu.
Ya ce, "Ikon Allah. Sunan 'yata ke nan."

Ranar Laraba ya kunna risho
ya ɗora butar roba.

Gwaggo Tasalla ta ce, "Wanda ya ɗauke ki a wuya
shi za ki miƙa wa bare?
Da wane ido za mu dubi Tudun Wada?"
Ta gyara mayafi, ta tsayar da Keke.
Ni na kwana a bakin ƙofa
da makulli ƙulle a haɓar zani.
Nafi'u ya turo kuɗi daga Fatakwal:
duk yadda kika gani, Yaya.

To, na je na gani.

Na Barnawa, tayil kamar madubi.
Tsofaffi shida a jere gaban talabijin,
babu mai kallo.
Manaja ya miƙo takardar farashi
bai tambayi sunan Baba ba.

Na biyu ba zan faɗi unguwar ba.
Kwaɗo ta waje.
Tsumma ɗaure a ƙafar gado.
"Don kada su faɗi," in ji yaron.
Ruwan da aka kawo min ban sha ba.

Na uku yana can bayan Unguwar Dosa,
fenti ya saɓule, kwata na son gyara,
akwai mangwaro a tsakar gida da benci biyu.
Rifkatu sunanta. Ba ta ba ni takarda ba.
Ta ce, "Kokonsa da sukari ko haka nan?
Wane gefe yake kwanciya?
In ya rikice, me yake nema?"
Na ce, jiniya.
Ba ta yi dariya ba.
Ta nuna wani dogo mai hular reluwe:
"Baba Yohanna ke nan. Ƙarfe huɗu yake tayar da jirgin Kafanchan.
Mun ɗinka masa tuta."

Na ce, salla fa?
Ta buɗe ɗaki: tabarma uku, buta, gabas.
"Ɗanjuma ke kama musu alwala.
In sun yi raka'a bakwai ma ba ma tsayar da su."

Ban yarda da rana ba.
Na dawo da dare ba sallama, an ɗauke wuta.
Na same ta da tocila a baki
tana canja wa wata tsohuwa zanin gado,
tsohuwar na zaginta,
ita kuma tana cewa, "Na ji, Mama. Ɗaga hannu."

Kwana tara takardar na cikin jakata.
Na yi istihara, ban ga komai ba,
barci kawai na yi, irin wanda na manta.

Da safen Asabar na ce, Baba, an canja maka sashe.
Ya wanke kwanonsa da kansa.
A mota ya kama bakin mayafina
ya murza tsakanin yatsu biyu,
ya ce, "Wannan zaren ba namu ba ne."

A ƙofa Rifkatu ta ce, "Malam Barau, ka makara."
Ya dubi agogon da ya tsaya tun bara,
ya ƙara sauri.
Sai ya juyo:
"Yarinya, in kin ga Zulaihatu,
ki ce kada ta jira ni da abinci."

Na ce to.
Makullin na nan a haɓar zanina.