Kwana Ashirin da Ɗaya

Lokotoro ya ɗaga hoton ƙirjina ga hasken taga,
ya ɗora bakin biro can sama, wajen dama,
inda wani farin tabo ya zauna kamar ɓarin goro.
Bai faɗi sunan ba.
Ya ce, "Malam Manzo, ba mu tabbatar ba tukuna,
za mu ɗebi kaɗan mu aika Yamai."
Na ce kwana nawa?
Ya ce ashirin da ɗaya, in hanya ta yi kyau.

Ni zai gaya wa hanya?
Shekara talatin ina jan babbar mota a kanta,
Takeita, Tasawa, Maraɗi, Ƙonni, Doso,
babu ramin da bai san tayata ba.
Yau ga tsokata, ba ta kai ƙwayar dawa ba,
ta hau mota a 'yar kwalba,
ta bar ni tsaye a Damagaram.

Ban taɓa zaton zan roƙi Allah tarin fuka ba.
Sau biyu na tofa musu majina,
sau biyu takarda ta dawo: babu.
Wata shida ne fa na ƙwaya,
da na haɗiye ina godiya.

Taba kuwa, na yar da ita ranar sunan Fanna,
yarinyar yanzu tana aji uku.
Na ɗauka mun rabu lafiya.
Ashe mai bin bashi ba ya ɓatan gida.

Na tura hoton bayan sif, na ce wa Hurera sanyi ne.
Dutsen Birni da nake hayewa a guje ina yaro,
shekaranjiya sau uku na tsaya,
ina yi kamar kallon gari nake.

Rana ta shida ƙafa ta kai ni Kasuwar Dole,
rumfar Kyari mai faci.
Na zauna kan tsohuwar taya, na furta kalmar,
karon farko da ta fita bakina:
sankara. Wataƙila. Ta huhu.
Bai ce mini ba komai ba.
Bai kawo labarin wani mai magani a ƙauye ba.
Ya ajiye guduma, ya goge hannu a wando,
ya daɗe yana kallon ƙasa.
"Ranar karɓar takarda ni zan goya ka a babur.
Hurera ta sani?"
Na girgiza kai.
"To ni ba zan riƙe maka abin da yake rabonta ba."

Daren jiya tari ya kore ni tsakar gida, ƙarfe uku,
lokacin da famfo kan tuna da unguwarmu.
Na same ta tsugune, ta jera jarkoki bakwai.
Na buɗe baki, numfashi ya ƙi.
Ba ta juyo ba ta ce,
"Ni ke wanke hankicinka, Manzo.
Wata biyu ina cuɗa ja da sabulu,
ina jiran bakinka ya iso inda idona ya kwana."

Na yi kuka irin wanda ban yi ba
ko ranar da muka rufe tsohona.
Ta bar ni na gama.
Ta ce ta roƙi uwar adashe a matso da ɗibanta,
in Yamai ta kira, kujera biyu za a yanka,
kuma ita ce a bakin taga.

Sai famfo ya yi tari,
ya yi tari, ya tofar da iska,
kana ruwa ya sauko siriri.
Na riƙe jarka, ta riƙe tiyo.

Yau kwana tara.
Tsoro bai tafi ba, yana nan bayan sif.
Saura sha biyu,
amma yanzu mu uku ke ƙirgawa.