Akwatin “Bai Sani Ba”

Ranar Talata, bayan La'asar,
yaron ofishin gona ya iso Sandamu a kan babur.
Mansir sunansa. Na kifa masa turmi ya zauna,
ya karanto wata kalmar Turanci, doguwa kamar igiyar guga.
“Baba Nomau, ka taɓa jin ta?”
Na ce ban taɓa ba.
Ya ja biro cikin akwatin “bai sani ba”.

Na ce, to, fassara.
Ya ce arziki ne daga abin da ƙasa ta raya:
kara, ƙaiƙayi, kashin shanu, ɓawon gyaɗa,
a juya su su zama kuɗi.

Saura kaɗan goro ya shaƙe ni.
Yaro, waiwaya.
Dangar da ka jingina da ita karan bara ne.
Harawar can bisa reshen gawo
ba ta saukowa sai bazara ta matse,
ran da dami ya fi kwanon wake daraja.
Lantana na tace tokar kara in kanwa ta yanke,
ganyen dalbejiya muke shimfiɗawa a cikin rumbu,
ƙwaro ya zo ya koma.
Shekara talatin da bakwai ban hana gonata taki ba,
jakina ya san hanyar ko ban bi shi ba.

Amma dakata, kada ka goge tukuna.
Sani ma gona ne, yana da iyaka.

Bara ɗana Barau ya ga wani a waya
yana dafa shayi da iskar kashin shanu.
Muka sayo duro da tiyo a Mai'aduwa,
kuɗin akuya guda,
muka cika, muka liƙe bakin da ƙaro.
Kwana arba'in muna ƙyasta ashana.
Wari muka samu,
maƙwabta suka samu abin hira.
Ruwa nawa, kashi nawa?
Rana ake so ko inuwa?
Wayar ba ta faɗa ba.

An ce ɓawon gyaɗa na dunƙuluwa ya zama gawayi.
Namu da ya bushe ya wargaje a tafin hannu.
'Ya'yan dalbejiya kuwa, jikokina ke tsinta,
mai wata farar mota ya auna, ya biya abin da ya ga dama.
Inda yake kai su, da abin da suke zama,
bai taɓa faɗi ba.

In koyarwa za ku yi, ku zo da rani,
kada ku zo ranar shuka.
Kada ku kira mu otal a Katsina,
a ba mu lemo da kuɗin mota mu dawo yadda muka je.
Nan, bakin turke, ku naɗe hannun riga,
ku auna mana da kwano da bokiti.
Ku kira Lantana da matan unguwa,
su ne hayaƙin murhu ke cin idonsu.
Bayan wata guda ku dawo ku ga ko wutar ta kama.

Mansir ya juya takardar gaba da baya,
bai sami akwatin wannan ba.
Ya rubuta a gefe, ƙanana-ƙanana,
har aka kira Magariba.

Duron yana nan bayan ɗaki.
Mai gwangwan ya taya sau biyu,
Barau ya ce a bar shi.